Birkin Salansa a Motocin Dizal: Kula da Shi da Sakinsa Idan Ya Maƙale

(KIƊAN BUƊE SHIRI)

  

Yau za mu yi magana ne a kan birkin salansa, wato birkin nan da ke toshe hanyar hayaƙi don injin dizal ya riƙe mota a gangara. Za mu ji yadda yake aiki, da abin da ke sa shi maƙalewa, da yadda ake sakinsa ba tare da an yi ɓarna ba, da kuma kulawar da ke hana shi sake maƙalewa.

A Amurka an fi saninsa a manyan motocin a-kori-kura masu shan dizal, irin su Ram da Ford da Chevrolet, waɗanda ake jan tirelar dawakai ko ta kayan gini da su a kan duwatsu. Wasu sukan zo da shi daga kamfani, wasu kuma sai mai mota ya saya an ɗaura masa, daga kamfanoni irin su Pacbrake. Kaɗan daga cikin waɗannan motoci sukan shigo ƙasashenmu a matsayin na hannu. Amma wanda ya fi kusa da mu shi ne na jikin Kanta da Isuzu, motocin da ke ɗauko mana hatsi da dankali da siminti. 'Yar sandar nan da ke gefen sitiyari, wadda idan aka taɓa ta wata fitila takan kama a gaban direba, ita ce makunninsa. Don haka maganar yau ta shafi mai a-kori-kura, ta kuma shafi direban Kanta.

Mu fara da dalilin da ya sa aka yi shi. A motar fetur, idan direba ya ɗaga ƙafa daga totur, akwai murfin da ke rufe hanyar iska, sai injin ya riƙa jan numfashi da ƙyar, wannan kuwa yana rage wa mota gudu. Injin dizal na asali ba shi da wannan murfi. Iska na shiga yadda take so, tana fita yadda take so. Shi ya sa motar dizal mai lodi idan ta kama gangara, injin ba ya riƙe ta sosai, nauyin gaba ɗaya sai ya koma kan birkin ƙafa.

Birkin ƙafa kuwa zafi ne ajalinsa. Duk takawar da aka yi, gudun mota yana komawa zafi a jikin lainin birki. Idan gangarar ta yi tsawo, lainin yakan yi zafi har ya daina kamawa. Man birki ma yana tafasa. Irin wanda ake kira DOT 3, idan sabo ne, yana jure zafi har digiri 205. Idan ya tsufa ya sha danshi, yana iya tafasa tun daga wajen digiri 140. Da zarar ya tafasa, direba zai taka birki ya ji ƙafarsa ta tafi har ƙasa babu abin da ya kama. Duk wanda ya saba saukowa daga Jos ta Hawan Kibo ya san warin nan na ƙonannen birki da ke tashi daga manyan motoci, ya kuma san irin rayukan da wannan gangara ta ci.

Wannan matsala tsohuwa ce. A shekarar 1931, Clessie Cummins, mutumin da kamfanin injin Cummins ke ɗauke da sunansa, yana saukowa da babbar motar dizal a gangarar Cajon da ke jihar Kalifoniya, sai birki ya yi zafi ya daina kamawa, saura ƙiris su yi karo da jirgin ƙasa. Wannan tsallake rijiya da baya ya sa shi neman hanyar da injin da kansa zai riƙe mota. A 1961 kamfanin Jacobs ya fara sayar da birkin da Clessie ya ƙirƙiro, wanda ke aiki a kan bawul-bawul na cikin injin, shi ne mai ƙarar nan kamar harbi da ake ji a wasu tireloli. Birkin salansa ɗan'uwansa ne, sai dai ya fi shi sauƙin gini, ya kuma fi shi shiru.

Yaya yake aiki? A cikin bututun hayaƙi, bayan turbo, akwai wani faifan ƙarfe da ke juyawa a kan sanda. Idan mota na tafiya, faifan yana kwance, hayaƙi na wucewa. Idan direba ya kunna birkin ya ɗaga ƙafa daga totur, faifan sai ya miƙe ya tare hanya. Hayaƙi ya taru, fistin kuma dole ya yi kokawa da shi kafin ya tura shi waje. Kamar famfon keke ne: idan ka toshe bakinsa da yatsa, hannun famfon ba ya turuwa sai da ƙarfi. Wannan ƙarfin da injin ke kashewa shi ke rage gudun tayoyi.

Abin da ke juya faifan kuma ɗan tulu ne da ke maƙale a gefe, mai sanda da sifirin. A wasu motoci zuƙar iska ke jansa, a wasu matsattsiyar iska ke tura shi. Akwai ɗan bawul mai aiki da lantarki da ke ba shi umarni, akwai kuma ƙananan makunnai a ƙarƙashin totur da kuloci, waɗanda ke sakin birkin da zarar an taka ɗayansu. Ku riƙe waɗannan sassa a zuciya, domin ba kullum ne laifin yake ga faifan ba.

(KIƊA)

Jama'a, idan yanzu kuka kama tasharmu, muna magana ne a kan birkin salansa na motocin dizal.

Me ke sa shi maƙalewa? Abu na farko kunkunniya, baƙin nan da hayaƙi ke bari. Tana taruwa a inda sandar faifan ke juyawa, zafi ya gasa ta, ta koma kamar gawayi. Abu na biyu tsatsa. Duk injin da ya ƙona mai yana fitar da tururin ruwa. Idan mota ta yi gajeriyar tafiya aka kashe ta kafin salansa ta yi zafi sosai, tururin yakan kwanta ya zama ruwa a cikin bututu. Haɗa da ruwan damina da wankin ƙarƙashin mota, sai sanda ta kama tsatsa ciki da waje. Man gas mai yawan sinadarin sulfa yana ƙara wa abin muni, domin sulfa idan ta gamu da danshi tana zama ruwan da ke cin ƙarfe. A Amurka tun 2006 aka taƙaita sulfar man motocin kan titi zuwa kashi 15 cikin miliyan, kuma a kan wannan mai aka gina sababbin motocinsu. Wanda ya sayo irinsu ya riƙa zuba musu man bumburutu ko gaurayayyen gas, ya san yana tara musu ciwo.

Abu na uku shi ne rashin amfani. Direban da ke aikin cikin gari yana iya yin watanni bai taɓa wannan makunni ba. Faifan yana zaune wuri ɗaya, kunkunniya da tsatsa suna ginuwa a kansa. Ranar da aka ba shi lodi zuwa Mambila, ya kama gangara ya kunna, sai ya ji shiru. Ƙarfen da ake motsawa kullum yana kankare dattinsa da kansa. Wanda aka bari a zaune shi ke sandarewa.

Maƙalewar iri biyu ce, kuma kowace da alamarta. Idan ya maƙale a buɗe, mota za ta yi tafiyarta lafiya, sai dai idan an kunna birkin ba a jin muryar injin ta canza, ba a jin motar ta ja baya. Wannan ya fi haɗari, domin ba ya nuna kansa sai ranar buƙata. Idan kuma ya maƙale a rufe, ko rabi a rufe, motar za ta rasa ƙarfi, ta riƙa fitar da baƙin hayaƙi, ta riƙa huci a wajen salansa, zafin injin ya tashi, shan mai ya ƙaru. Malam direba, idan ka ga haka kada ka ce bari in lallaɓa in kai kaya tukuna. Zafin da ke taruwa a bayan rufaffen faifai yana iya lalata turbo, ya ƙona gasket, ya taɓa bawul. Akwai motocin da aka kwance musu nozul da famfon mai ana neman dalilin rashin ƙarfi, alhali ɗan faifan nan ne bai koma wurinsa ba.

To, yaya ake sakinsa? A nan nake roƙon kanikawa da yaransu su ba ni kunnuwansu.

Da farko a bar mota ta huce sarai. Hayaƙin injin da ke jan kaya yakan haura digiri 500, kuma man fesawa da za a yi aiki da shi yana kama wuta. A tsayar da mota a shimfiɗaɗɗen wuri, a ja birkin hannu, a sa waigi gaba da baya. Idan za a ɗaga ta, a sa mata matokara ta ƙarfe, kada kowa ya shiga ƙarƙashi da jak kaɗai. A cire makulli a sa a aljihu. Idan birkin mai aiki da matsattsiyar iska ne, a saki iskar, domin sandar tulun tana bugawa da ƙarfin da zai iya datse yatsa.

Sai a raba mai laifi da marar laifi. A zare ɗan fil ɗin da ya haɗa sandar tulu da hannun faifan. Yanzu a kama hannun a motsa. Idan ya juya salin-alin daga buɗe zuwa rufe, to faifan lafiyarsa ƙalau, a koma baya a bincika sauran. A duba fiyus. A bi siririn tiyon iska da yatsa daga farko har ƙarshe, domin zafi yakan busar da shi ya tsage ta ƙasa inda ido ba ya gani. A saurari ɗan bawul ɗin lantarki, ko yana yin ƙas idan an kunna. A duba makunnan totur da kuloci, domin idan ɗaya ya goce, motar za ta ɗauka ƙafar direba na kai, ta ƙi ba da umarni. A motoci da yawa na Japan, famfon da ke samar da zuƙar iskar yana bayan altaneta, kuma shi ne ke taimaka wa birkin ƙafa. Saboda haka tsagaggen tiyo a nan ba ƙaramin abu ba ne.

Idan kuwa hannun ya ƙi motsi, to an kama mai laifi. A ɗauki burushin ƙarfe a goge tsatsar da ke kewaye da sandar a ɓangarorin biyu. A fesa man nan mai ratsa tsatsa, irin su WD-40, a daidai inda sanda ta shiga gidanta. Sannan a ba shi lokaci. A je a yi wani aiki, a dawo a ƙara fesawa. Wanda ya daɗe a sandare yana iya buƙatar kwana. Bayan nan a sa sifana a hannun faifan, a matsa kaɗan gaba, a dawo kaɗan baya. Da farko ba za a ji komai ba. Can sai a ji ya ɗan yi ƙara, ya gusa kamar faɗin farce, wani jan ruwa mai haɗe da baƙi ya fara tsattsafowa daga gindin sandar. Wannan ita ce alamar man ya shiga. A goge, a ƙara fesawa, a ci gaba da kai da komowa, kowane zuwa yana ɗan fin na baya, har hannun ya riƙa tafiya da yatsa biyu. Idan ana son taimaka masa, a ɗan ƙwanƙwasa jikin gidan da ƙotar katako don dattin ya saki.

Abin da ba a yi shi ne ɗaukar babbar guduma a sauke wa hannun, ko a zura dogon bututu a sifana a hau kai. Sandar tana lanƙwashewa, gidan kuma na narkakken ƙarfe ne, yana tsagewa. Aikin da haƙurin yini ɗaya zai gyara sai ya koma sayen sabo. Sannu ba ta hana zuwa.

Idan an yi duk wannan bai saki ba, a kwance shi gaba ɗaya a ɗora a tebur. A kankare kunkunniyar ciki, a duba ko faifan ya lanƙwashe, ko sandar tana girgiza a gidanta. Wanda ya cinye a canza shi. Wajen mayarwa a sa sabon gasket, domin hayaƙin da ke tsiyaya ta nan yana rage ƙarfin birkin, yana kuma iya shiga inda direba yake zaune.

Akwai abu biyu da nake so oga bakanike ya ja wa yaransa kunne a kai. Na ɗaya, a jikin wasu fayafayan akwai ɗan rami, a wasu kuma an bar 'yar tazara da notin da ke tsayar da hannun. Da gangan kamfani ya yi haka, don hayaƙi ya sami ɗan wurin fita. Kada a toshe ramin da walda, kada a taɓa notin da nufin birki ya ƙara kamawa. Idan matsin ya wuce ƙa'ida, yana iya danne bawul ɗin injin ya buɗe ba lokacinsa ba, fistin ya same shi. Na biyu, kada a ɗaure hannun da waya a buɗe a ce an gama gyara. Wanda ya yi haka ya cire wa mota kariyarta, ya kuma miƙa wa direba makulli bai san abin da ya rasa ba.

(KIƊA)

Masu sauraro, akwai wani nau'in da ya bambanta da wanda muka bayyana. Motocin Ram masu injin Cummins mai lita 6.7, waɗanda aka fara fitarwa a 2007, ba su da faifai a bututu. Birkinsu yana cikin turbo ne. Akwai wani zobe da ke zamewa gaba da baya yana rage faɗin hanyar hayaƙi, kuma wata na'urar lantarki ke tura shi bisa umarnin kwamfutar mota. Shi ma kunkunniya na kama shi, musamman a motar da ke yawan tsayawa a sulo. Alamarsa fitilar gargaɗi a gaban direba, da rashin ƙarfi, da birkin da ke kamawa yau ya ƙi gobe. Wannan ba aikin fesa mai daga waje ba ne. Sai an sa kwamfuta ta karanta matsalar, kuma idan aka cire na'urar, dole a sake daidaita ta da kwamfuta kafin a mayar. Mai irin wannan mota ya nemi wanda ya san aikin kuma yake da kayan aikin.

Yanzu sai rigakafi, wanda ya fi magani. Ka kunna birkin salansa a duk fitar da ka yi, ko da a cikin gari ne, bayan injin ya yi zafi. Sau biyu ko uku ya isa ya motsa faifan. Ka rage barin mota a sulo na dogon lokaci a tasha, domin a nan kunkunniya ta fi taruwa. Lokaci-lokaci ka ba ta doguwar tafiya ta yi zafi, danshin salansa ya ƙone. Da hunturu ka riƙa duba matatar iska, domin idan ƙura ta toshe ta, injin zai riƙa baƙin hayaƙi, baƙin kuwa a kan faifan yake sauka. Ka sayi mai a inda ka amince da shi.

Duk ranar juyen baƙin mai, ka ce wa bakanike ya leƙa birkin, ya motsa hannun, ya ɗiga mai a gaɓoɓinsa. Sai dai a kula da irin man. Giris na yau da kullum da baƙin mai suna ƙonewa a wannan zafi su zama gawayi, su ƙara maƙalar da abin da aka so a saki. Man fesawar ma na saki ne kawai, ba ya daɗewa. A nemi man da aka yi don jure zafi mai tsanani, kamar yadda masu ƙera birkin suke umarta. Bayan gyara a gwada shi a fili, kada a tayar da injin a rufaffen gareji, hayaƙinsa na kisa. Ɗan hayaƙin da zai tashi daga ragowar man fesawa zai wuce cikin 'yan mintoci.

Kafin mu rufe, ga tunatarwa kan amfani da shi. Birkin salansa ya fi ƙarfi idan injin na juyawa da sauri, don haka a sauko zuwa ƙaramar giya tun kafin a shiga gangara, a kula kada allurar injin ta shiga ja. A firi ba ya aiki ko kaɗan, kuma sakin mota a firi a gangara don tsimin mai ganganci ne da rai. Ba ya tsayar da mota cak, aikinsa rage gudu ne don birkin ƙafa ya kasance da sanyi lokacin da za a neme shi. Sannan tayoyin da injin ke juyawa kaɗai yake riƙewa. Idan ana ruwa, titi na santsi, motar kuma babu kaya, a kashe shi, domin bayan mota na iya zamewa.

Kira na ƙarshe ga iyayen gida masu motoci. Idan direbanka ya ce maka birkin salansa ya daina aiki, kada ka ce ai mota na tafiya. Kuɗin gyaransa bai kai na canza lainin birki a kai a kai ba, balle a yi maganar rai. Kai kuma malam direba, gobe da safe kafin ka ɗauki lodi, ka hau titi ka kunna shi, ka ɗaga ƙafa daga totur, ka saurara. Idan muryar injin ta canza motar ta ja baya, ka yi hamdala ka kama hanya. Idan ba ka ji komai ba, ka biya gareji kafin ka tunkari gangara.

A nan za mu dasa aya. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu. Allah ya tsare hanya, ya kiyaye mu da iyalanmu. 

(KIƊAN RUFE SHIRI)